Taken Emmanuel

Ɗanhausa ya sa ƙafa ya shuri gangar, ta yi birgima har bakin rumbu. Matarsa Alheri ta bi ta ɗauko, ta goge da gefen zaninta, ta sake ajiyewa gabansa. Karo na uku ke nan.

"Na ce ki ɗauke mini ita daga nan," ya ce. "Ko so kike in sa mata wuta?"

"Sa mata," in ji ta. "Ashana na kan murhu."

Ta san ba zai iya ƙyasta ashanar ba, shi ma ya san ta sani. Wata bakwai da suka wuce 'yan bindiga suka tare su a hanyar Ketare, shi da amininsa Emmanuel. Emmanuel suka harbe a wuya, ya mutu nan take. Shi kuwa da ya ƙi sakin babur, ɗaya daga cikinsu ya ɗora masa hannun hagu bisa kututture ya sare da adda, sara biyu. Tun da aka sallamo shi daga asibitin Kankara, mutumin da duk gayyar noma a yankin nan sai da gangarsa, ya koma ba ya komai sai zama gindin kuka yana kallon dungulminsa. Coci ma ya daina zuwa. In an gaishe shi sai ya ɗaga dungulmin, kamar shi ne amsar gaisuwa.

Suna cikin haka Baba Audi, dattijon cocinsu, ya yi sallama ya shigo yana dogara sanda.

"Yau gayyar gonar Tabita," ya ce, bai ko zauna ba. "Ciyawa ta kusa cinye dawar matar amininka. Tashi."

"Baba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Wa ya ce ka ɗauki jinka? Dutse za ka hau ka yi mana gadi. Duk mai hannu biyu yana da fartanya a hannu yau, har Yahya da mutanen masallaci sun fito. Idonka biyu ne, ko su ma an sare?"

Ran Ɗanhausa ya ɓaci matuƙa. Shi da ake wa guɗa, yau shi ne mai zaman dutse kamar biri?

"Ubangiji ya ga dama ya raba ni da hannuna," ya ce. "Ya nemi wani mai gadin."

"Ban zo gardama ba. Ranar da aka yi maka baftisma ni na riƙe ka, ka ce za ka yi biyayya. Ba ka ce sai ran da kake jin daɗi ba. Ka hau dutsen ka yi fushinka a can, Yesu na ji daga can ma."

Ba a musu da Baba Audi. Ya tashi yana ƙunƙuni. A ƙofar gida Alheri ta rataya masa gangar a kafaɗa, ta soke sandar kiɗan a igiyarta. Da mutane a waje, sai ya ji kunyar jefarwa, ya tafi da ita.

Dutsen yana da nisa da gonar, amma daga kansa ana hango komai har bakin daji. Maza ashirin da uku suka jeru cikin dawa mai kai ƙugu, kowa ya duƙa, suna waƙa babu ganga. Waƙar ta yi lami kamar miya ba gishiri, kuma hakan ya ɗan yi masa daɗi, don mugunta. Ya jingina da dutse ya fara lissafa wa Allah abin da aka yi masa, tun daga kututture har zuwa maɓallin riga da sai Alheri ta ɓalla masa. Ya yi hawaye. Ya tausaya wa kansa har ya gaji.

Hantsi ya ɗaga lokacin da ya ga tsuntsaye sun tashi daga bakin daji gaba ɗaya. Ya miƙe. Babura ne, goma ko fiye, mutum bibbiyu, suna biyo kwarin da ke bayan gonar a hankali don kada a ji su.

"Ga su nan! Ku gudu!"

Iska ta kwashe muryar ta yi gabas da ita. Ya sake kurma ihu har maƙogwaronsa ya yi zafi. Ko mutum ɗaya bai ɗago ba.

Ya jawo gangar, ya matse ta da dungulmin a haƙarƙarinsa, ya fizgo sandar ya shiga dukanta iya ƙarfinsa. Sai ga kawuna sun ɗago. Abin takaici, ashe murna za su yi. Mata masu kawo kunu suka rangaɗa guɗa, wai Ɗanhausa ya dawo kiɗa. Gide, saurayin da ke kan gaba can kusa da kwari, ya ɗaga fartanya sama ya yi juyi, sannan duka suka sake duƙawa suka kama noma da sabon ƙarfi. Haka aka saba tun kakanni: in ganga ta yi zafi, fartanya ta yi zafi.

"Ya Yesu," ya ce. "Ya Yesu, mi zan kaɗa?"

Kowane manomi a garin yana da takensa, 'yar jimlar da ganga ke kiransa da ita. In mutum ya mutu, takensa ya bi shi kabari, ba mai sake kaɗa shi, ko da wasa. Ɗanhausa ya danna dungulmin a kan fatar, inda yatsunsa suka saba zama. Tabon ya yi masa zafi har cikin haƙori. Ya kaɗa taken Emmanuel.

Bai fito daidai ba, amma ya fito. Waƙa ta mutu nan take. Tabita ta saki ƙwaryar kunu. Maza suka miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya suna kallon dutsen, wasu da fushi a fuska. Shi kuwa ya nuna kwari da sandar, ya sake nunawa, ya sake.

Yahya ne ya fara fahimta. Ya yi ihu, gona ta watse.

Baburan suka fito daga kwari da gudu. Harsashin farko ya sami Gide a baya, ya kifa cikin kunya, fartanyar na hannunsa. Wanda ke bayan babur ya diro ya ƙara masa ɗaya a kai. Yahya ya faɗi da harbi a cinya, mutum biyu suka ja shi cikin dawa suna rarrafe. Mata suka yi gari da gudu, zannuwa a hannu. Hayaƙi da ƙarar bindiga suka cika wurin.

Ɗanhausa bai sauka ba. Ya kwanta bayan wani ɓarin dutse ya ci gaba da duka, don 'yan sa-kai da ke gari su ji. Suka juyo da bindigogi wajensa. Tsakuwa ta fantsamo ta tsaga masa goshi, jini ya rufe masa ido ɗaya. Tsoro ya kama shi, irin na ranar kututture, har fitsari ya zubo masa, amma hannun bai tsaya ba. Sai da harsashi ya shiga ta fata ɗaya ya fita ta ɗaya, gangar ta koma kamar ana dukan buhu, sannan ya ji bindigogin 'yan sa-kai daga wajen gari. Baburan suka juya. Sun kora shanun huɗa huɗu da suka tarar a bakin gona.

Kafin la'asar aka tafi da Yahya asibitin Kankara a bayan motar a-kori-kura, aka binne Gide bayan coci. Da aka watse, Ɗanhausa ya zauna kan dakalin cocin, goshi ɗaure da tsumma, fasasshiyar ganga a cinyarsa. Tsohon ciwon nan na tausayin kai ya fara taso masa. Da yana da hannu biyu da tun bugun farko sun gane. Da bai tsaya kukan kansa ba da ya hango baburan tun daga nesa. Ya buɗe baki zai faɗa wa Baba Audi haka, sai ya ga Tabita tsaye gabansa, idanunta jajur.

Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Tabita. Na san ba a yi. Ban sami wani abin kaɗawa ba."



"Na ɗauka zai fito daga cikin dawar," ta ce. "Har na juya ina nemansa. Na tsane ka a lokacin, Ɗanhausa, ba zan ɓoye maka ba." Ta share hanci da bakin mayafi. "Amma mutum ashirin da biyu suna da rai yanzu."

Ta juya ga Baba Audi ta ce rabin gonar na nan ba a taɓa ba, kuma ita ba za ta iya roƙon kowa ya koma ba.

"Ba roƙo za ki yi ba," in ji Baba Audi. "Jibi za mu koma, 'yan sa-kai za su raka mu. Sai dai a nemi wanda zai hau dutse."

Bai kalli Ɗanhausa ba. Babu wanda ya kalle shi. Ɗanhausa ya zura yatsa cikin ramin da harsashi ya yi, ya juya gangar ya duba ɗaya gefen.

"Akuyar da aka yanka don gayya," ya ce. "Baba, a ce kada a ba dukawa fatar. Ina so, zan ɗaure ganga."