Taga a Rigar Akwatin Sanyi

"Riƙe jar wayar nan da kyau, 'yata. Hannuna ya ƙi ni yau."

Tela ta ajiye almakashin da ta shigo da shi ba ta ma sani ba, ta matsa gefen teburin ta kama wayar. Baba Mai Rediyo yana kai ƙarfen narka dalma yana kuskurewa, ƙarshe dai ya miƙa mata, ya ce mai zira zare a allura ba za ta kasa ɗiga dalma ba. Ta ɗiga. Ya jona wayoyin da tsohon batirin mota da ke ƙarƙashin tebur, ya ce ta ɗora yatsa a kan abin.

Abin ɗan farin faranti ne mai kusurwa huɗu, bai wuce girman biskit ba, shi ya sa ma Baba yake kiransa biskit. Kafin ƙiftawar ido yatsanta ya ɗauki sanyi. Ya ce ta taɓa bayansa. Ta taɓa, ta janye da sauri tana yarfe hannu, shi kuwa ya cire wayar yana dariya har da tari.

Ɗakin Baba yana kallon nata ne, tsakar gida kawai ta raba su. Tun kafin ta tare a gidan yake nan shi kaɗai, matarsa ta rasu, bai kuma samu haihuwa ba. Da gyaran rediyo ya mutu, sai ya koma kan waɗannan biskit ɗin, yana ciro su daga matattun injinan ruwan sanyi na ofisoshi, yana gwaje-gwaje. 'Yan gidan sun mai da shi abin tsokana. Akwatin sanyinsa na farko ya jona wayoyin a juye, aka saka man shanu don ya daskare, aka fito da shi ruwa tsululu. Na biyu ya yi ta zubar da raɓa har ya jiƙa masa tabarma. Ita ma Tela ta sha yi masa dariya.

Dariyar ta tsaya ne da aka gano ciwon suga a jikin mijinta. Direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya, likita kuma ya ɗora shi a kan allurar da ba ta son zafi. Gaban motar nan da rana ta take kamar murhu yake. A tafiyarsa ta ƙarshe maganin ya lalace bai sani ba, ya yi ta yi wa kansa allurar banza, sai abokan aiki ne suka dawo da shi ranga-ranga. Mai motar ya ce zai jira shi zuwa ƙarshen wata, in bai samu dabara ba ya kawo makulli. Tun daga nan Direba yake zaune a ƙofar ɗaki yana kallon ƙafafunsa, mutumin da a da ba a jin muryar kowa sai tasa.

Baba ne ya leƙo da kansa ya ce zai yi masa ɗan akwati mai aiki da batirin mota. Sai dai a lokacin shi ma ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, asibiti sun ba shi magunguna sun ce ya koma gida ya huta. Kowa ya gane abin da ake nufi da hutun. Ƙanwarsa, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ta zo jinya, ta wuni tana faɗan ya bar wasan yaran nan ya kwanta. Shi kuwa sai ya ce mata in ya kwanta zai daɗe bai tashi ba, ta bar shi ya gama zamansa.

Haka Tela ta zama hannunsa. Da ta gama ɗinkin safe sai ta tsallako. Yana zaune a kujera da matashi a baya, yana faɗa tana yi. Ta yanke murfin wata ƙaramar kula daidai girman biskit. Ta shafa masa wani farin mai mai kama da man goge baki, Baba yana ta jan kunne kada ta labta da yawa, ba burodi ba ne. A bayan biskit ɗin suka ɗaure wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, a kan ƙarfen kuma 'yar fanka da ya ciro daga tsohuwar kwamfuta. Da suka jona, fankar ta fara ƙugi a hankali. Suka saka kwalbar ruwa suka rufe. Da yamma da aka buɗe, kwalbar ta yi gumi, ta yi sanyi ƙalau. Tela ta rungume ta a ƙirji, hawaye suka zubo mata.

Baba ya ce kada a yi garajen saka magani tukuna. Direba ya fara bin wani abokinsa gajeriyar tafiya da ruwa a ciki, a ga yadda akwatin zai jure hanya.

Ita dai Tela ba ta iya ganin abu tsirara. Kekenta na ɗinki yana da riga, akwatin talabijin yana da riga, har butar shayi ta ɗinka wa hula. Da ta kalli akwatin nan, wayoyi a waje, ƙarfe da fanka a tsaye kamar ƙaho, sai tausayinsa ya kama ta, ta tuna ƙura da ramukan hanya. Ta zauna ta ɗinka masa riga da shuɗin yadi mai kauri, ta cusa soso a ciki, ta sa zif, ta yi masa maratayi. Ta rufe shi ruf, ko wayar sai ta wata 'yar kafa take fita. Ba ta nuna wa Baba ba, don ranar ciwon ya kayar da shi, Gwaggo ta hana kowa shiga.

Direba ya dawo da la'asar ya dire akwatin a gabanta. Ruwan ciki ya yi ɗumi kamar za a haɗa shayi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce tsohon ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa, amma da safe zai kai makulli. Ya kuma roƙe ta kada ta faɗa wa Baba, a bar shi ya tafi da farin cikinsa.

Ta yi niyyar yin shiru. Amma washegari da hantsi Gwaggo ta leƙo ta ce Baba yana ta tambayarta, ya hana ta sakat. Tela ta roƙi mijinta ya dakata da fita, ta tsallaka. Baba yana kwance, ya ƙanƙance a cikin zanin gado, leɓunansa sun bushe. Yana ganin fuskarta ya gane.

"Bai yi ba ke nan. Ɗauko min shi."

Ta kawo ta ɗora a gefen gado. Ya kai hannu yana shafa shuɗin yadin, ya bi zif da yatsa, ya lalubi inda fankar take ya ji soso. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Gwaggo ta taso a firgice tana zaton wani abu ne, ashe dariya yake yi.

"Haba 'yata. Kin yi masa riga, kin toshe masa hanci."

Da ƙyar, yana yi yana hutawa, ya yi mata bayani. Ya ce biskit ɗin ba ya ƙera sanyi, zafin cikin akwati yake kwasowa ya tura baya, ƙarfen ya karɓa, fanka ta kore shi waje. In an rufe hanyar, zafin sai ya taru ya koma ciki. Ya ce laifinsa ne, ya koya mata shafa mai da ɗaure ƙusa, ya manta bai faɗa mata wannan ba.

Kunya ta rufe Tela, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kama zif za ta fige rigar ta yar, ya ɗora hannunsa a kan nata. Hannun ba nauyi ko kaɗan.

"Bar masa kayansa. Tunda nake haɗa tarkacena ba wanda ya taɓa yi wa ko ɗaya sutura. Taga kawai za ki buɗe masa."

Ta ciro reza daga aljihu, a nan gefen gadon ta yanke yadi da soso, ta fito da fankar da haƙoran ƙarfen fili. Ta kira mijinta ya jawo batirin daga ƙarƙashin tebur ya jona. Suka saka kofin ruwa da ma'aunin zafi, suka rufe. Baba ya lumshe ido, barci ya ɗauke shi. Su uku suka zauna suna jira, suna sauraron ƙugin fanka da numfashin tsohon. Direba, wanda ya shigo da makullin motar a hannu, ya yi ta juya shi, daga baya ya cusa a aljihu.

Bayan azahar Baba ya farka ya ce yana jin ƙishi. Tela ta buɗe akwatin. Kofin ya yi gumi. Direba ya ɗauki ma'aunin ya duba, ya sake dubawa, ya juya wa mutane baya yana goge ido da hannun riga. Baba ba ya iya kurɓa, sai Gwaggo ta tallafo kansa, Tela ta ɗiba da cokali ta zuba masa a baki. Ya riƙe ruwan a kan harshe kafin ya haɗiye.

"Ya yi," in ji shi. "Direba, in ka tsaya cin abinci kada ka bar shi a rana. Kuma kada ka jingina tagar da kujera."

Direba ya durƙusa ya ce to, Baba.

Washegari da hantsi rai ya yi halinsa, Gwaggo tana riƙe da hannunsa. Tela tana kan keke lokacin da ta ji kukan, ƙafarta ta tsaya a kan feda. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifinta. Mutanen gidan da suka sha tsokanarsa suka cika tsakar gida, har da matar da man shanunta ya narke a akwatinsa na farko, ita ce ma ta fi kowa kuka.

Da aka share makoki, Tela ta ɗauko rigar akwatin. Inda ta yanka da reza ya yi buzu-buzu, zare duk ya zazzago. Ta zauna a bakin ƙofa, inda take hango ɗakinsa a rufe, ta kalmashe bakin tagar da hannu, ɗinki ƙanana a jere, ba ta yarda ta hau keke ba.

Ranar tafiya ta raka mijinta har inda motar take. Ya hau, ya ɗaure akwatin a gefen kujera, tagar tana kallon fili, ya jera kwalaben maganin a ciki, ya jona waya. Ya sauka ya zagaya yana bubbuga tayoyi, yana tsokanar abokan aikinsa da muryarsa ta da. Ita kuwa ta taka matakala ta leƙa ciki, ta kai tafin hannunta bakin tagar. Iska mai ɗumi tana fitowa a hankali tana taɓa mata hannu. Ta bar hannun a wurin har ya tayar da mota.