Tulun Saratu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko a gida ba a cika jin muryata ba. Amma Baba Obadiya ya ce ni na san yadda maganar tulun nan ta faro, in na yi shiru za ta bi sauran abubuwan unguwarmu da suka ɓace.

Baba Obadiya tsohon malamin makaranta ne. Da ya yi ritaya sai ya shiga bin gidaje yana zama da tsofaffi, yana tambayarsu yadda unguwar take a da. Ya ce za a haɗa labaran a yi wasan kwaikwayo, 'yan unguwa su yi da kansu a filin makaranta. Ƙa'idarsa ɗaya ce. Duk wanda aka ɗauki labarinsa sai ya zo ya kalli gwaji. In ya ce haka aka yi, a saka. In ya ce ba haka ba ne, a cire, komai daɗinsa.

Kaka Rahmatu ita ta haifi babana, kuma ɗakinmu ɗaya da ita. Mantuwa ta kama ta. Wani lokaci ta kira ni Muhsina, wani lokaci ta kira ni da sunan gwaggona da ta rasu. Labari ɗaya ne bai taɓa kuɓuce mata ba. Ta zo garin nan da mijinta tun ana ce masa Abuja, kafin a ɗauke sunan a ba wa babban birnin ƙasa, ba ta san kowa ba. Da ta haifi babana ta kwanta ciwo, ba mai ɗebo mata ruwa. Sai wata mata mai suna Saratu ta riƙa hawowa daga rafi kowace safiya da tulu, ta ajiye mata a bakin ƙofa ta wuce. Bayan damina Saratu ta bar unguwar, ba su sake haɗuwa ba.

"Ina kwance nake hango ta ta ƙofa," in ji Kaka. "Fuskarta ga ta, tulun ga shi, gefe da gefe, kamar wata biyu sun fito tare."

Rafin yanzu kwalbati ne, shagunan masu gyaran waya sun hau kansa. Amma in Kaka tana ba da labarin ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a ɗakin, har in ji kamar ruwa na gudu ƙarƙashin tabarma.

Anti Grace, mai shagon ɗinki a bakin titi, ita aka ba wa Saratu. Ranar gwaji na riƙo hannun Kaka muka je. Anti Grace ta ɗora gammo, ta ɗora tulu a ka, ta taho tana rangaji, mutane suna tafi. Kaka ta daɗe tana kallo.

"Wace ce wannan?"

"Saratu ce, Hajiya," in ji Baba Obadiya.

"Ba ita ba ce."

"Haba Mama, ko zanin ne bai yi ba? In canza?" in ji Anti Grace tana dariya. "Ko na fi ta kyau ne?"

Kaka ba ta yi dariya ba. Aka tambaye ta abin da ya saɓa, ta rasa. Tana ta shafa kafaɗarta kawai. Baba Obadiya ya ce to, ƙa'ida ƙa'ida ce, sai dai a cire.

Cirewar ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Kaka ta daina ba da labarin. Da na tsokano ta ranar Talata muna gyaran wake, sai ta ce, "'Yar nan, ƙila ma mafarki na yi. Na nemi fuskarta na rasa. Anya an yi wata Saratu?" Abu ɗaya ne ya rage mata a hannu, kuma ni na kai ta inda aka karɓe shi.

Ranar Alhamis mamana ta aike ni Gauraka karɓo saƙo. An yi ruwa da safe, hazo bai gama sauka daga duwatsu ba. Ina tsaye bakin titi ina jiran Keke, mai ƙafa ukun nan na haya, manyan motoci na wucewa suna watsa ruwa, sai ga wata tsohuwa Bagwariya ta fito daga hanyar gona. Ta ɗauko doya a babbar ƙwarya, ba a ka ba, a kafaɗa, yadda matansu ke yi. Na sha ganin haka tun ina yarinya, ban taɓa tsayawa na duba ba. Ran nan na duba. Ga fuskarta, ga ƙwaryar dab da kuncinta, su biyun zagaye, suna tahowa tare cikin hazo. Ƙarar motocin ta yi nisa a kunnena. Keke biyu suka tsaya suka wuce ban sani ba.

Kaka ba ta taɓa cewa Saratu Bagwariya ce ba. A wurinta Saratu ce kawai. Mu kuma da muka ji sunan, kowa ya ɗauka 'yar ƙabilarsa ce, muka ɗora mata tulu a ka.

Sanin ya zo da sauƙi, faɗin ne wuya. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidan Baba Obadiya ina juyawa. A bayan gidanmu na riƙa gwadawa da tsohon tulun Kaka, ruwa na zubo mini a wuya, har kafaɗata ta yi tsami. Ranar Asabar, gwajin ƙarshe, na kawo Kaka filin makaranta bayan la'asar. Na tsaya kusa da Baba Obadiya har ya juyo.

"Muhsina, lafiya?"

"Baba, a kafaɗa ne."

"Ɗaga murya, 'yata, kunnen ya tsufa."

"Tulun. A kafaɗa Saratu ke ɗauka."

Ya dafe goshi, sai ya fashe da dariya. "Shekara nawa ina sayen doya a hannun matan Gwari! Grace! Grace, zo ki ji."

Anti Grace ta gwada. Taku uku, tulun ya zame, Lado mai buga ganga ya yi tsalle ya tare shi.

"Kai, abeg, wuyana!" ta ce. "Wannan sai wadda ta koya. Ke da kika gano, oya, zo ki ɗauka."

"Anti, ni ban iya magana gaban mutane ba."

"Wa ya ce ki yi magana? Saratu ajiyewa take ta wuce. An yi wasan don ke."

Ta yafa mini zanin, Lado ya cika tulun a famfo. Na ɗora shi a kafaɗar hagu na tallafe da hannu. Sanyinsa ya taɓa kuncina. Na fara tafiya daga gindin mangwaro, inda aka shimfiɗa shuɗin yadi a matsayin rafi.

Ban san yadda zan faɗi abin da ya faru ba. Ruwan yana motsi dab da kunnena, yana magana ƙasa-ƙasa, sai na daina jin ganga. Ginin makarantar ya yi baya. Na ga ciyawa har gwiwa, na ga 'yar hanya mai hawa, ƙafata tana nitsewa a laka. Can sama akwai ɗaki guda da ƙofa a buɗe, da wata yarinya kwance da jariri, tana jira.

"Saratu!"

Kaka ce ta miƙe tsaye ba tare da sanda ba. Fuskarta ta washe kamar an kunna fitila a ciki.

"Saratu, ina kika shiga? Kin ga yaron?" Ta nuna babana, wanda ya biyo ta nan daga kasuwa yana tsaye a baya. "Ga shi can, har ya yi furfura. Ban yi miki godiya ba kika tafi."

Ba a ba ni abin faɗa ba. Ban kuma taɓa kiran sunan Kaka ba tunda aka haife ni, ko a ɓoye. Na sauke tulun a gabanta.

"Na gan shi, Rahmatu," na ce. "Ba komai. Ga ruwanki."

Ta sa hannu ta shafa tulun, ta shafa kuncina da jiƙaƙƙen hannun. Anti Grace tana share ido da bakin ɗankwali. Baba Obadiya ya matso a hankali, ya rage tsawo.

"Hajiya, haka aka yi?"

"Haka aka yi mana," in ji Kaka. "Da wa ya ce ba haka ba?"

A hanyar gida babana bai ce mini komai ba game da sunan. Ya dai karɓi tulun ya riƙe mini.

Washegari na tashi bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Akwai bokiti a tsakar gida, amma na ɗauki tulun. Na je famfon bakin layi na cika shi, na ɗora a kafaɗa, na taho a hankali ta gefen da ake hangowa daga gadon Kaka. Na ajiye a bakin ƙofa, na ɗaga labule don ta gani.