Daga Bakin Dodo

Kwana arba'in Malam Abdulganiyu ya yi yana hura audugar rimi a ƙofar gidan Dodo, mutanen unguwar Zango ta Wagadugu suna wucewa suna kau da kai don kunya. Mutumin da in ya ja baƙi a masallaci har 'yan unguwar Dapoya kan tsallako su saurara, ga shi durƙushe a ƙasa, auduga a tafin hannu, yana "pa, pa, pa" kamar mai koyon magana.

"Ba ta motsa ba," in ji Dodo daga kan benci. "Har yanzu ba kake cewa. Ku Larabawa leɓenku nauyi gare shi. Sake!"

Ba Balarabe ba ne, amma da kaɗan. A Umdurman aka haife shi, inda mahaifinsa ya yada zango a hanyar hajji bai ƙara gaba ba. Da Larabci ya buɗe baki, Hausar ma sai da ya zo Wagadugu da gemunsa ya gyara ta. Turanci kuwa a littafi ya koya. Yana rubuta wasiƙa shafi biyu babu gyara, amma da ya yi magana sai Larabci ya leƙo: pa ta koma ba, baƙaƙe uku in suka haɗu sai ya cusa musu wasali.

Da ba komai ba ne, ina ruwan Wagadugu da Turanci? To amma an shafa wa gidajen Zango jan fenti, rusau na tafe. Filin da aka ba shi can bayan gari ne, ko bango babu, ga damina a bakin ƙofa, ga matarsa Fatsuma shekara biyu kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Ana haka Alhaji Usmanu, mai wata makaranta a Kumasi, ya aiko cewa yana neman malamin Larabci mai iya bayani da Turanci, kuma akwai ɗaki biyu da famfo kusa da asibiti. Ɗakin nan shi ne duk abin da Malam yake so wa Fatsuma.

Shi kuwa abu ɗaya ya sani game da furuci: daga bakin malami ake ɗaukarsa, ba a ƙari, ba a ragi. Haka ya karɓi Alƙur'ani. Da ya bincika wa ya fi kowa Turanci a Zango, aka ce Dodo, tsohon direban goro, shekara talatin a hanyar Kumasi. Dodo bai san alif ba, haƙoransa na gaba kuma sitiyari ya kwashe su tun wani hatsari. Duk da haka Malam ya tuɓe takalmi ya zauna ƙasa. Dodo ya yi ya yi ya hau benci, ya ƙi.

Wayyo, ƙwazon da ya kashe shi ke nan! Ya zuba wa bakin Dodo ido yadda ya saba zuba wa na shehunsa. Ya ga inda harshe ke faɗawa cikin giɓi, ya ji iskar da ke fita da fito, ya ɗauka ƙa'ida ce. Ya riƙa janyo leɓe yana rufe haƙoransa masu kyau har ya samo fiton nan daidai. Kafin wata ya cika, auduga na tashi, kuma in ka rufe ido ba ka raba muryarsa da ta Dodo.

"Malam," Fatsuma ta ce wata rana da rabin bakinta, "wannan Turancin naka kamar na mai cin tuwo da zafi."

"Haka na karɓa," ya ce.

Alhaji Usmanu ya zo Wagadugu, ya sauka a unguwar Bilbalogho tare da shugaban makarantarsa, wani siririn mutum mai suna Illiya. Malam ya je, aka miƙa masa littafin 'yan aji uku. Ya gyara zama ya fara. Bai kai layi huɗu ba Illiya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Malam, tsakaninka da Allah, wa ya koya maka?" in ji Alhaji. "Haƙoranka talatin da biyu, kana magana kamar tsohon tasha?"

Illiya ya share ido. "Gafarta Malam, malamin da ya bar mu Bamisre ne. Shekara shida yana ce wa pa ba, yara suka saba, iyaye ma har alfahari suke, wai Turancin Larabawa. Karanta mana da bakinka na da."

Malam ya koma farkon shafi. Ya nemi bakinsa na da, wallahi ya nema. Layin farko ya fito da Larabcinsa, a na biyu leɓe ya janye da kansa, fito ya dawo. Sau uku yana farawa. Abin da ya kafa da tilawar kwana arba'in ba ya tumɓukuwa a zama ɗaya, shi ya fi kowa sani. Alhaji ya karɓe littafin a hankali, ya ce yara ba su da kunya, ba zai so a mai da babban malami abin wasa ba.

Da la'asar ya iso Zango, an riga an fara cire kwanon rufin gidajen layin masallaci. Dodo na kan bencinsa yana jira.

"Yaya, an dace?"

"Allah bai yi ba."

Dodo ya tafa hannu cikin takaici. "Kai! Na san za a rina. Ka koma wa bakinka na Larabawa, ko? Da ka faɗa yadda na koya maka, da yanzu kana ɗaure kaya."

Malam ya dubi tsohon. Ɗalibi ba ya ɗora wa malaminsa laifi.

"Gazawata ce, Malam," ya ce. "Cikin mutanenka na tasha, ko akwai mai amalanken da gado zai hau ba a sauke Fatsuma ba?"