Gidan Zanzaro a Injin Solomon

Ranar da aka turo jar motar nan garejin Fidelis, a farkon daminar 1972, rabin mutanen bakin kasuwar Zuru sai da suka bar abin da suke yi. 'Yar mitsitsiyar mota ce mai kujera biyu tak, ba ta da rufi, cikinta ya kusa shafar ƙasa. Irinta ba ta ɗaukar buhu ba ta ɗaukar akuya, gudu kawai ta iya. Mutum shida ke tura ta, wani tsoho na biye da sanda yana ba da umarni sai ka ce a filin fareti.

Tsohon shi ne Baba Ezekiel na Rikoto, wanda ya yi soja tun zamanin Turawa. Motar kuwa ta ɗansa ce, Laftana Solomon. A hannun wani Bature ya saye ta a Kaduna, ya kawo ta gida ya ajiye a rumfa, ya tafi yaƙin basasa, bai dawo ba.

Fidelis ya buɗe injin, ya ga ba fulogi ko ɗaya.

"Baba, ina fulogin?"

Tsoho ya kwance wani ƙyalle. Ga su nan su huɗu, sun sha mai suna ƙyalli.

"In za ka aje bindiga, sai ka cire mata abin da ka sa ta tashi," in ji shi. "Haka anka koya muna. Cikin rumbu nib ɓoye su."

Shekara huɗu ke nan ramukan fulogi suna buɗe. Da Fidelis ya ɗage kan injin sai ya dafe ƙeya. Zanzaro ne ya samu gida, ya yi ta jidar laka yana gini a cikin silinda, danshin damina kuma ya kawo tsatsa. Bugu da ƙari, wani kofur da ya zo hutu ya mayar da fulogin ya sa aka tura motar, wai zai nuna gwaninta. Fistin suka niƙa busasshiyar laka a jikin silinda, suka ja mata zane zurfafa, har farce na maƙalewa a ciki.

"Ba ku ga zanzaron ba ne, Baba?"

"Na gan su mana. Suna shiga suna fita. Nic ce to, ko ba komi akwai mai kwana cikinta."

Fidelis ya bar zancen zanzaro. Ya dai yi bayani: dole a aika gangar injin Kaduna, a rarake ramukan huɗu su yi sumul su ƙara faɗi, a samo fistin masu kauri daidai da su. Abin zai ɗauki lokaci.

"Ba ni gaggawa," in ji tsoho. "Kukanta kawai ni ka son ji."

Shi Fidelis tun yana saurayi ya zo Zuru daga ƙasar Ibo, a nan ya koyi kanikanci, a nan bakinsa ya kama Hausa. Ya gudu gida a shekarar tashin hankalin da ya jawo yaƙin basasa, ya dawo bayan yaƙi shi kaɗai. Matarsa Uzoamaka ta ce ita da Arewa haihata-haihata, ta zauna can da 'yarsu. Ba wanda ya zage shi da ya dawo, maƙwabcinsa ma ya adana masa sifanoninsa ba wanda ya ɓata. Amma a Zuru da wuya ka sami gidan da bai ba da soja ba, wasu gidajen kuma ba a mayar musu da nasu ba. Mutane ba su san abin da za su ce masa ba, shi ma haka. Sai gaisuwa daga tsaye, a miƙo keke ko babur, a wuce. Yakan yi yini guda maganarsa ba ta wuce "sai jibi" ba, kuma kaɗaicin yana cinsa ƙwarai.

Lukuman direban lori ya tafi da gangar injin. Washegari da hantsi sai ga Baba Ezekiel, ya jingine sanda ya zauna kan benci, wai ya zo ganin aiki. Wane aiki, inji yana Kaduna? Fidelis ya ɗauko kafireto ya warware shi don a sami abin kallo. Jibi ma tsoho ya zo, gata ma haka. Yakan taho da dafaffiyar gyaɗa a aljihu, su ɓare tare. Ya ba da labarin jirgin ruwan da ya kai su yaƙin Turawa, da yadda Solomon yana yaro ya kwance keken fasto ya kasa mayarwa. Wata rana ya tambayi sunan 'yar Fidelis. Ya ce Ngozi. Tsoho ya yi ta maimaitawa har sai da harshensa ya iya. Zancen yaƙin da ya raba su da nasu kuwa, ba wanda ya taɓa ɗauko shi.

Mako biyar, Lukuman ya sauke gangar injin da sanyin safiya, tare da kwalin sabbin fistin. Fidelis ya zura yatsa cikin silinda, santsi kamar cikin sabuwar tasa. Aikin kwana uku ya rage. Kwana uku, injin ya tashi, tsoho ya ji abin da yake son ji, ya ɗauki sandarsa. Daga nan fa? Ya tsaya yana kallon ƙarfen nan. Sai ya ja shi cikin ɗakin kwanansa, ya lulluɓe da tabarma.

"Kaduna shiru?" in ji tsoho da ya iso.

"Shiru, Baba. Kun san mutanen birni."

Ƙarya ta farko ce mai nauyi, sauran da kansu suke zuwa. Yau injin rarakewa ya lalace, gobe fistin sai an aiko daga Ikko. Fidelis ya goge bawul ɗin da ya riga ya goge, ya wanke tankin da ya wanke sau biyu. Har tsoho ya fara zolayarsa.

"Kai, ko golmo kaka yi ma wagga mota? Mu nan saurayi shekara bakwai shi ka noma ma surukinsa kahin a ba shi mata. Amma ni ba ni da ɗiya, kada ka wahal da kanka."

Suka yi dariya. Fidelis ya daɗe bai ji dariyar kansa ba.

An yi mako shida a haka. Ran nan tsoho bai zo ba, sai Leah, matar marigayi Solomon, ta tsaya a bakin gareji ko gaisuwar kirki babu.

"Malam Fidelis, ka ji tsoron Allah. Matar Lukuman ta hwaɗa min kaya sun iso tun watan jiya. Ka ga ƙahwar Baba kuwa? Ta kumbura, takalmi ba shi shiga. Kullum cikin ruwa cikin taɓo yana tahowa nan, ciyawa ta cinye mishi dawa. Mi munka yi maka?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya za a yi namiji mai furfura a gemu ya ce wa mace ya ɓoye inji ne don kada a daina zama da shi? Fidelis ya ce, "Jibi da yamma ki kawo shi." Kunya ta hana shi ɗaga kai har ta tafi.

Ya jawo injin waje ya yi aiki irin wanda ya iya. Ya zura kowane zobe cikin silinda ya auna tazarar bakinsa, ya shafe fistin da baƙin mai, ya tura su ɗaya bayan ɗaya da ƙotar guduma. Ya ɗaure kan injin daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, don kada ya karkace. Hannunsa bai yi kuskure ko ɗaya ba, shi kuwa ji yake kamar ƙofa yake rufe wa kansa.

Jibi da la'asar Leah ta kawo tsoho, yana dogara kafaɗarta. Ya miƙa ƙyallen fulogi, Fidelis ya ɗaura su, ya murza makulli. Injin ya yi tari sau biyu, ya tofar da hayaki, sannan ya kama. Wani gurnani ne mai kauri da ba a saba ji a garin ba, har kwanon rumfar yana rawa. Leah ta juya baya ta toshe baki da gefen zane. Tsoho ya ɗora tafin hannu a jikin motar, ya rufe ido, ya daɗe a haka.

"Ita ce," in ji shi. "Kashe ta."

Wurin ya yi tsit. Fidelis ya fito ya durƙusa.

"Baba, na yi muku laifi. Kayan nan sun daɗe da zuwa."

"Na sani. Ina bakin hanya ranar da Lukuman yas sauke su."

"To me ya hana ku magana?"

Tsoho ya dube shi, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Shekara nawa ina jiran Solomon, har sunka kawo min takardar mutuwarshi. Sai nik koma jiran motarshi. Kullum in tashi da sahe, in san akwai abin da bai iso ba tukuna. Da ka ƙara min wata guda ma, da ban ce komi ba." Ya sauke hannunsa daga jikin motar. "To, ga ta ta tashi. Gobe mi za ni jira?"

Leah ta ce hadari na haɗowa, gara su kama hanya. Fidelis ya ce bari ya kai Baba gida a motar, ko don ƙafar.

"A'a, ɗana," in ji tsoho. "In anka ji kukanta a ƙohwar gida, uwar Solomon za ta hito da gudu, tana zaton shi ne yad dawo."

Suka tafi a ƙafa, sannu a hankali. Fidelis ya tsaya da makulli a hannu yana kallonsu har suka sha kwana.