Dokar Ƙarfe Ɗaya

Injiniya ya janyo kujera kusa da teburin Sakatariya, ya ce, "Sake faɗa min, ƙarfe nawa kwamfutar take korar ki?"

"Ƙarfe ɗaya daidai. Ko ina tsakiyar wasiƙa sai ta fitar da ni, ba ta sake karɓar lambar sirrina sai ɗaya da rabi. Shekara huɗu ke nan."

"Shekara huɗu! Ba wanda ya duba?"

Wanda ya kamata ya duba ɗin mijinta ne, Dogo. Shi ya haɗa kwamfutoci bakwai na wannan ofishi na masu awon fili, shi ke kula da su har ya rasu wata biyar da suka wuce. Ba irin mitar da ba ta yi masa ba, amma kullum amsarsa ɗaya ce, "Zan duba." Har gori ta taɓa yi masa a gaban mutane, wai yana gyara ta kowa, ta matarsa ta gagare shi. Shi ko a jikinsa, dariya kawai yake yi.

Jiya abin ya kai maƙura. Wani ya zo karɓar takardar filinsa ƙarfe ɗaya, ya gaji da jira ya tafi yana faɗa. Shi ya sa Manaja ya ɗauko Injiniya da safen nan.

"In kin koma kwamfutar wani fa?"

"Can ma ƙi take."

"To ba laifin inji ba ne, 'yar'uwa. Sunanki aka ɗaure. Zo mu gani."

Suka shiga ɗan ɗakin da babbar kwamfuta take, wanda rabonta da shi tun Dogo na da rai. Injiniya ya buɗe jerin dokokin da aka sa wa ma'aikata: ta hana soka filas ɗin kwafar bayanai, ta hana sauke manhaja, ta hana kallon ƙwallo, wadda kowa ya san don direba aka yi ta. A can ƙasa akwai wata da sunan Sakatariya kaɗai ke cikinta. Ya danna, ya karanta bayanin da ke jiki, sai ya cire tabarau ya matsa gefe.

"Gara ki karanta da kanki."

Dogo ne ya rubuta: "Kada a cire. In ba a kore ta ba, ba ta tashi cin abinci, kuma likita ya ce gyambon cikinta ba ya son yunwa."

Ta karanta sau uku. Baƙin ciki ya rufe ta, ba na rashinsa kaɗai ba, har da na gorin nan da ba ta da inda za ta kai ban haƙurinsa. Ta dafa bango tana kuka mara sauti.

Manaja ya leƙo. "Injiniya, an gano?"

"An gano, ranka ya daɗe. Doka ce, dannawa ɗaya zai cire ta. Amma ana iya mayar da ita wani lokacin, ko ƙarfe biyu."

Manaja ya karanta, ya sosa ƙeya. "Ba ƙeta ba ce, ƙanwata. Ba awar da mutane ba sa zuwa, kuma ke kaɗai ke buga takardu."

Ta san gaskiya ya faɗa, ga 'ya'ya biyu da wannan kujera ke riƙe da su. Ta share ido da bayan hannu.

"Cire, Injiniya."

"Kin tabbata?"

"Cire."

Ta koma teburinta ta ci gaba da buga rahoton wani fili. Saura minti biyu ɗaya ta yi, ta adana aikin kamar yadda ta saba, ta ɗauke hannuwanta ta ɗora a cinya, tana kallon agogon da ke kusurwar allo.

Ɗaya ta yi. Ɗaya da minti ɗaya. Rahoton na nan a buɗe, ɗan layin nan yana ta ƙifce yana jiran kalma ta gaba. Ta ƙara jira har minti biyar, ba wanda ya kore ta.

Ta mayar da yatsunta kan madannai.