Rokar da Ta Faɗa Gidan Takaba

Malam Haisam ba ya iya zama wuri ɗaya ko a ranar da ba komai, balle yau. Malamin kimiyya ne a wata sakandaren maza a Takur, kuma shugaban makarantar ya riga ya yanke masa hukunci: in kulob ɗinsa bai ciwo komai a gasar harba roka ta bana ba, ɗakin kulob ɗin zai koma sito.

Maganarsa kullum ɗaya ce, har malamai sun fara sauya hanya in sun hango shi. Wai manyan rokokin da ake harbawa sama ba za su taɓa zama sana'a ba, sai in roka za ta je ta dawo lafiya, a kakkaɓe ta, a sake yi mata lodi. Wa zai yi jigila da motar da ake ƙonawa bayan kowace tafiya? Gasar ma haka sharaɗinta yake: roka ɗaya, tashi biyu, kafin la'asar.

Tasu rokar babbar gorar lemo ce da fukafukan kwali da laimar leda, ruwa da famfon keke ke cilla ta. Ta kuwa tashi, ta wuce ta kowa. Sai iska ta ja ta, ta tsallake katanga, ta sauka a tsakar wani gida can bayan filin gasar.

Da gudu ya isa. Mai shagon kusa ya ce tsohuwar da ke gidan takaba take yi, ita kaɗai. Namiji ba ya shiga, ɗalibansa duk sun zama ƙarti, yaran unguwa kuma suna Islamiyya. Ya rangaɗa sallama. Shiru. Ya je bakin titi ko mace za ta gifta, ya dawo, ya leƙa katanga, kunya ta kama shi, ya sake sallama.

Can wata murya ta amsa daga bayan zaure. "Wane ne?"

"Inna, malamin makarantar nan ne. Wata gora ce tamu ta faɗo miki."

"Taka ce? To tsaya, ɗan nan, ina zuwa."

Ya tsaya, in wannan tsayuwa ce. Ya zaga, ya duba rana, ya cire hula ya mayar. Yana jin lasifika daga fili ana kiran masu tashi na biyu, yana kuma jin tsohuwa tana ta facal-facal da ruwa.

Sai ga hannu ya ɓullo ta gefen ƙyaure, riƙe da gorar. An wanke ta tas, an cika ta da zoɓo. Ba fiffike, ba laima.

"Tarkacen jikinta na hura wuta da su," in ji tsohuwar. "Ai ba na mayar maka da mazubi wayam ba. Tun da aka daina zuwa gaisuwar rasuwar Malam maigidana, ba abin da ya shigo gidan nan sai ita."

Daidai lokacin ladan ya kira la'asar. Malam Haisam ya dubi gorar. Ɗakinsa ya tafi ke nan. Ya buɗe baki, ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Sai ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri, Inna. Allah ya ji ƙan Malam."

"Amin, ɗan nan," ta ce. "In ka shanye, ka sake jefo ta."