Wayar Yaya a Kan Teburin Gyara

…kuma sai da Auta ya ce kada a taɓa. Sai da ya faɗa! Wayar Baba ce, ko kuka take tana roƙon a sabunta ta, a ƙyale ta. Amma ina, Yaya ne ai, babban ɗa, masanin komai — ya danna.

Yanzu ga wayar Yayan a kan teburin gyara, gilashi a tsage. "Auta, a canza min kafin yamma." Ko kunya.

Ɗan ƙarin manhajar nan fa Auta da hannunsa ya haɗa shi, ba wanda ya koya masa, ya maƙala wa burauzar wayar Baba, inda ake buɗe shafukan intanet: kowane shafi aka buɗe sai rubutu ya kumbura, bango baƙi, haruffa rawaya ɓaro-ɓaro. Baba da idonsa ya yi hazo, ranar har da dariya — "kai, ashe da saurana!" — yana karanta labarai da ƙarfi har Inna ta ce ya ishe su… Sabon tsarin kuwa ba ya karɓar ƙari. Sam. Kuma ba a komawa baya.

Baba da safe, waya dab da hanci, yana juya ta kamar laifin haske ne… Ya ajiye. Ai gara ya yi faɗa.

To ga ta Yaya, ita ma tana roƙo: a sabunta? Tasa bai taɓa dannawa ba, ta mutane ce mai daɗin dannawa. Har da mai toshe talla a ciki, wa ya sa masa? Auta. Danna ɗaya kawai — ya ji yadda kallon ƙwallo yake talla na faɗo masa a fuska. Ya zo yana "me ya samu wayata?" Oho. Gyara na yi maka, Yaya, ba haka ka ce wa Baba ba?

Yatsan Auta na kan maɓallin. Danna mana…

Tsaya. Tsohon tsari take kai. Ta Inna ba ta shiga intanet, tasa shi Auta sabuwar fita ce — duk gidan wannan kaɗai ta rage da za ta iya kumbura wa Baba rubutu. In ya danna, wa ya cuta? In bai danna ba, sai ya je ya sunkuyar da kai ya roƙi a yi musaya da ta Baba… shi? Wurin Yaya?

Hasken ya dushe. Ya taɓa, ya dawo.

A sabunta?